Haƙoran da Darakta Ya Dasa wa Baba Tela

Idan gaskiya za a bi, ba a taɓa zaluntar mutum a layin nan kamar yadda aka zalunci Darakta ba. Allah Ya zuba masa basira har tana malala ƙasa, sannan Ya jarrabe shi da maƙwabtan da ba su san darajarta ba. Haka yake faɗa wa duk wanda tsautsayi ya sa ya kawo takarda a yi masa fotokwafi, kuma ba ya sakin takardar sai an ce, "Gaskiya ne, Darakta."

Sunan ma ba a banza ya same shi ba. Shekara ashirin da biyu da suka wuce wasu masu shirya fim suka zo layin, rana ta buɗe, suka nemi wanda zai riƙe wa kyamara lema. Shi ya riƙe. Kwana biyu cur. Tun daga ranar in zai ce "mu 'yan masana'anta" sai ya lumshe ido, kamar mai tuna wahalar da ba kowa zai gane ba. Shagon nasa ɗaki ɗaya ne: injin fotokwafi mai tari, farin ƙyalle a bango na ɗaukar hoton fasfo, da kwamfuta mai babban allo wadda yake lulluɓewa da tawul kamar jaririya.

Maƙwabcinsa na dama, Mai Aski, ya taɓa ɗaukar fasfo a wurinsa. Hoton ya fito da kunne ɗaya. Har yau in aka tayar da maganar sai Darakta ya ce, "Kunnen ya yi fice da yawa. Taimakonka na yi, ko godiya babu."

To, a gidan Darakta akwai Auta, 'yar ƙanwarsa, wadda aka kawo ta zauna wurinsa saboda ya fi kusa da kwaleji. Gyaran hoto da haɗa sauti take karanta. Wata ranar Asabar ta dawo da takardar aikin ƙarshen zango: hoto ɗaya da sauti na minti uku, na wani mai sana'a a bakin aikinsa. Ranar Alhamis za a nuna a babban ɗakin taro, gaban iyaye, kuma wani baƙo zai zo daga gidan rediyo ya zaɓi ɗalibai uku da za a ɗauka horon aiki. Wanda ya faɗi kuwa sai ya maimaita shekara. Malamar kwas ɗin ba ta karɓar aiki sau biyu. Abin da ka kawo a filashinka na kwamfuta, shi ne kai.

Darakta ya karanta takardar, ya gyara wuyan riga, ya juya gefe.

"Mai sana'a aka ce? To ga ni. Ki ɗauke ni ta hagu, ya fi kyau."

Auta ta sunkuyar da kai. "Kawu, ai na riga na yi magana da Baba Tela."

"Wane Tela? Tsohon can mai haƙori huɗu?"

Matarsa na zaune tana ninke wanki, ko kai ba ta ɗaga ba. "Mai sana'a aka ce, Darakta. Ba a ce mai labarin sana'a ba."

Wannan magana ta soke shi. Amma babban mutum ba ya riƙo. Ya yanke shawarar zai taimaki yarinyar ko ta so ko ta ƙi.

Ranar Litinin da hantsi Auta ta shiga shagon Baba Tela da kyamara da ɗan makirufo mai hular gashi, ta sa abin saurare a kunne. Baba Tela tsoho ne siriri, tabarau a kan hanci, tef ɗin awo a wuya, shekara arba'in da shida yana taka keke ɗaya. Sun gaisa ke nan sai ga Darakta: baƙin gilashi, hular hana-salla, da lema a buɗe. A cikin ɗaki.

Ya leƙa waje ya kwantsama ihu, "Kowa ya yi shiru! Ana ɗauka!"

Layin da ma shiru yake. Jin ihun nan sai mai gyaran takalmi ya taso, mai sayar da katin waya ya taso, mata biyu da ke wucewa suka tsaya. Kafin ka ce me, ƙofar shagon ta cika.

Ya matso ya ƙwanƙwasa makirufon da farce. "Gwaji, gwaji, ɗaya, biyu!"

Auta ta yi tsalle ta fizge abin kunnen. "Kawu! Kunnena!"

"Yawwa, yana aiki ke nan. Baba Tela, a tsayar da keken nan, yana mana hayaniya."

"Kawu, kukan keken shi ne rabin aikin."

"Ke yarinya ce. Baba, in ta tambaye ka inda ka koyi ɗinki, ka ce a ƙasar waje."

Baba Tela ya dube shi ta saman tabarau. "Ni a ƙarƙashin teburin yayana na koya, ina tsintar ƙyalle."

"Ka ce yayan naka a ƙasar waje yake."

"A bayan tasha yake. Allah Ya ji ƙansa."

Darakta ya ɗaga lema sama don ya nuna yadda ake tare haske a masana'anta. Fankar silin ta ce salamu alaikum. Lemar ta yi wani irin kuka, ta kuɓuce, ta daki katakon zare. Zarurruka suka watse, ja da kore da fari, suna gangarawa har bakin titi. Ya yi taku ɗaya baya don ya nuna babu komai, ya taka guda, ya tafi gaba ɗaya ya zauna daram cikin kwandon ƙyallaye, ƙafafu a sama.

Mai Aski, da ya baro mutum da rabin aski don kada a ba shi labari, ya ce, "Wannan ma cikin fim ɗin yake, Darakta, ko a sake?"

Auta dai yarinya ce mai hankali. Ta taimaka aka zaro shi, ta ce a hankali, "Kawu, akwai aikin da ya fi kowanne girma, ban san wa zan ba ba. Ana bukatar wanda zai tsare bakin layi kada abin hawa ya shigo."

"Sai yanzu kika yi magana," in ji Darakta.

Ya tafi can bakin layi da karyayyar lemarsa ya tare hanya. Minti arba'in ya yi yana cacar baki da direban motar ruwa, yana tambayarsa ko ya san da wa yake magana. Direban ya ce bai sani ba, kuma ba ya son sani. A cikin minti arba'in ɗin nan Auta ta samu duk abin da take so.

Yammacin ranar da na Talata ta yi su a shagon kawun nata, saboda allonsa ya fi na kwamfutarta girma. Shi kuma yana tsaye a bayanta, numfashinsa a wuyanta. Abin da ya gani ya ɗaga masa hankali. Ta ɗan ƙara haske a kan hannayen tsohon. Ta ɗan rage hasken taga. A sautin ta cire tari biyu da hon ɗin motar ruwa, ta bar sauran. Shi ke nan.

"Kwana biyu kina zaune, tsohon nan har yanzu tsoho ne."

"Ai tsohon ne, Kawu."

"To ina gyaran?"

"Malama ta ce gyaran da ya fi kyau shi ne wanda ba a gani."

"Wanda ba a gani! To a ba ki makin da ba a gani mana. Malamar nan ta taɓa shiga masana'anta?"

Auta ta zuba aikinta a filashi, ta jefa a jaka, ta yi masa sai anjima.

Ranar Laraba tana makaranta tun safe. Darakta ya saya ƙofar shago, ya yaye tawul, ya buɗe aikinta da ya rage a kwamfutarsa, ya murza yatsu. Ai ba zai zuba ido jininsa ta ji kunya a gaban mutanen rediyo ba.

Ya fara da fuska. Ya ɗauki abin goge tabo ya bi tamojin Baba Tela ɗaya bayan ɗaya, shekara arba'in da shida ya share su cikin minti goma. Fuskar ta yi sumul kamar ɓararren dafaffen ƙwai. Sai dai garin gugar hancin ma ya bi. Ya nema ya rasa, ya zana wani.

Mai Aski ya turo ƙofa ya shigo, don ba shi da kowa a kujera. Ya tsaya ya ƙura wa allo ido.

"Wannan wace ce?"

"Baba Tela ne. Jahilci dai bai yi ba."

"Ikon Allah. Ya warke?"

Sai haƙora. Haƙori huɗu ai cin mutunci ne a nuna wa duniya. A bangon shagon akwai kalandar tallan man goge baki, wata budurwa tana murmushi. Darakta ya ɗauki hoton kalandar, ya yanko murmushin gaba ɗaya, ya dasa wa Baba Tela. Talatin da biyu, farare tas, har da ɗan jan baki a gefe. Ya ɗan fi ƙarfin fuskar, amma yawa ai ba laifi ba ne.

Keken ɗinkin kuwa tsoho ne, fentinsa duk ya kankare. Ya goge shi. Sai hannayen tsohon suka rage a iska suna riƙe da babu. Ya sa musu sitiyarin mota. A baya, inda riguna ke rataye, ya sa ruwa mai zubowa daga dutse, da jirgin sama yana wucewa. Hannun dama ya ɗan lalace wurin gogewa, sai ya kwafi na hagu ya manna a gefensa.

Mai Aski ya sa yatsa a allo. "Ɗaya. Biyu. Darakta, uku ne fa."

"Tela ne. Yana bukata."

A kusurwar ƙasa ya sa ɗan hoton kansa da baƙin gilashi, ƙarami, don tawali'u. Ya duba ya ga ba a ganinsa sosai, ya ɗan ƙara. Ya sake ƙarawa. Da ya gama, shi da Baba Tela kafaɗa da kafaɗa suke.

Mai Aski ya fita ya yi aski ɗaya. Darakta ya koma kan sauti. Ya ga wurin da Auta take dannawa in za ta rage hayaniya, ita kaɗan take ja. Shi ya ja har ƙarshe, ya maimaita sau uku. Kukan keke ya mutu murus. Muryar Baba Tela ta koma kamar ta mai magana daga cikin rijiya da bokiti a ka. Duk inda tsohon ya yi shiru yana tunani, ya datse, ai ɓata lokaci ne. Ya kuma ƙara masa gudu, saboda mutanen rediyo ba sa son nawa.

Saura abu ɗaya: aiki irin wannan yana bukatar kalmar rufewa daga bakin masani. Ya jona makirufon shago, ya danna jan madanni, ya gyara murya, ya yi jawabi. Yana kai ƙarshe Mai Aski ya dawo da kofin shayi biyu. Suka zauna suka buɗe hira, irin hirar maza biyu da suka tabbata babu mai jinsu. Darakta na cikin nishaɗi, bakinsa ya saki.

Sai can Mai Aski ya ce, "Wai jan abin can da ke ƙiftawa, lafiya?"

Darakta ya waiwaya. Zanen sautin ya miƙe daga wannan gefen allo zuwa wancan, kamar haƙoran zarto. Ya tsayar, ya kunna, sai ga muryarsa tana fitowa ta sifika tana faɗin abin da bai kamata ba.

"Ya ɗauke mu duka," in ji Mai Aski.

"Ƙaramin abu ne a wurin ƙwararre."

Ya miƙa hannu jikin sifikar, ya murɗe ƙarar har ƙasa. Shiru.

"Ka ji wani abu?"

"A'a."

"To na goge."

Mai Aski ya dubi zanen, wanda ke nan daram bai ragu da komai ba. Ya dubi Darakta. Ya shafa kunnensa na dama, wanda fasfo ya cinye. Ya ce, "Lallai ka goge. Gobe ƙarfe nawa ne taron?"

Ranar Alhamis da safe Auta ta shiga wanka, jakarta na rataye a falo. Darakta ya zaro filashin, ya yi wuf zuwa shago, ya sa wa aikinsa sunan nata. Kwamfutar ta tambaye shi: akwai wani mai wannan suna, a maye gurbinsa? Ya yi dariya. Har inji ya san wanda ya fi. Ya ce a maye. Kafin ta fito ya mayar, yana zaune yana karatun tsohuwar jarida a juye.

Shi ya gayyato kowa. Matarsa ta zo. Baba Tela ya sa sabuwar riga ya rufe shago, abin da bai yi ba tun rasuwar yayansa. Mai Aski ya zo tun kafin a buɗe ƙofa. Darakta ya zauna a layin gaba, kusa da baƙon gidan rediyo, ya ba shi hannu ya ce, "Ai mu ɗaya ne, 'yan masana'anta." Baƙon ya matsar da kujerarsa kaɗan.

Ɗalibai shida suka nuna nasu: mai walda, mai wanki, direba. Malama na zaune gefen majigi da jan biro, mace gajera marar murmushi. Ta kira Auta. Auta ta miƙa filashi, ta tsaya gefe.

Hoton ya cika bango.

Da fari babu wanda ya yi motsi. Sai wata 'yar ƙaramar dariya ta kuɓuce daga baya, sai ɗakin ya fashe gaba ɗaya. Wani ɗalibi ya zamo daga kujera. Wata uwa ta rufe wa jaririnta ido.

Baba Tela ya gyara tabarau, ya taɓo Mai Aski. "Ni kam yaushe za a zo nawa?"

"Ai kai ne, Baba."

"Ni? Wannan matar?" Ya sa yatsa a baki ya ƙirga nasa. "Motar wa nake tuƙawa? Kai, hannu nawa gare ni?"

Auta ta daskare. Darakta kuwa ya harɗe ƙafa yana gyaɗa kai. Haka ake yi wa kowane sabon abu, dariya ake fara yi.

Sai sautin ya tashi. Wata murya daga ƙasan rijiya ta yi ta zuba babu numfashi, kamar mai tallan magani da kare ya biyo. Ba a jin kalma ɗaya. Baƙon rediyo ya sa yatsu biyu a kunne.

Malama ta cire murfin jan biro. "Wata huɗu ina koyar da ke, wannan kika kawo mini?"

"Malama, wallahi ba nawa ba ne."

"Filashin wa?"

"Nawa."

"Sunan wa ke jiki?"

"Nawa, amma..."

"Kin san doka." Ta miƙa hannu za ta kashe.

Mai Aski ya miƙe tsaye. "Malama, don girman Allah a bar shi ya kai ƙarshe. Daɗin yana gaba."

Malama ta duba allo. Minti uku aka ce, wannan goma sha ɗaya ne. Ta janye hannu.

Rijiyar ta yi shiru. Sai wata murya garau, mai ƙiba, ta cika ɗakin: "Jama'a masu saurare, wanda ya tsara muku wannan gagarumin aiki shi ne naku, Darakta, mai shekara ashirin da biyu a masana'anta." Darakta ya miƙe ya ɗan rusuna wa jama'a ta hagu, gefen da ya fi kyau. Sai aka ji ƙarar ajiye kofi, da muryar Mai Aski tana cewa, "Ga shayi." Rusunawar ta tsaya a rabi.

"Malamar tasu?" in ji muryar. "Takarda ce kawai. In ka miƙa mata kyamara da tocila ba za ta bambance ba. Wai gyaran da ba a gani! Ni da za su ba ni ajin nan mako ɗaya."

Malama ta mayar da murfin biro. Ta jingina da kujera.

Darakta ya yi tsalle. "Na goge wannan! Wallahi na goge! Ga shaida nan, a gabansa na goge!"

"A gabana ya rage ƙara," in ji Mai Aski.

"Shi kuma Tela," muryar ta ci gaba, "ɗinkinsa kamar buhu. Lallaɓa shi kawai nake don yadina na wurinsa. Yana gama mini rigar nan ko gaisuwa."

"Madalla," in ji Baba Tela.

Darakta ya ruga wurin na'urar sautin ɗakin, ya cafki abin murɗawa na farko da hannunsa ya samu, ya murɗa iya ƙarfinsa. Gefen da ba shi ba ya murɗa. Tagogi suka ɗauki rawa.

"A GIDANA KUWA NI KE JUYAWA. IN NA YI TARI SAI TA MIƘE TSAYE. MINSHARINTA NE KAWAI MATSALA, KAMAR JANARETA."

Matarsa ta ajiye jakarta a cinya, ta haɗe hannu. Ta kafe shi da ido. Wannan kallon ya fi komai tsorata shi.

Aka ji muryar Mai Aski: "Yaushe za ka zo a shafa maka baƙin? Furfurar ta fara leƙowa ta gefe."

"RUFA MINI ASIRI, KOWA YA ƊAUKA NAWA NE."

Idanu ɗari biyu suka koma kan gashin Darakta. Ya jawo hular hana-salla har kan gira. Ya duƙa zai fizge waya daga bango, wasu ɗalibai biyu ƙarti suka tare soket ɗin da jikinsu. Ɗaya ya ce, "Haba Darakta, ai ba a katse fim."

Sannan muryar ta sauko, ta zama ta mai ba da sirri, sai dai sirrin ya kai har wurin ajiye motoci: "YARINYAR BA TA SAN KOMAI BA. GOBE TANA SHIGA WANKA ZAN ZARO FILASHIN IN ZUBA NAWA A KAN NATA. SAI TA ZO NA ƊAYA ZAN MIƘE IN CE AIKINA NE."

Sai: "Wai jan abin can da ke ƙiftawa, lafiya?"

Ƙit. Ya ƙare.

Malama ta bar dariyar ta lafa. Ta dubi Auta, wadda hawaye ya wanke wa fuska.

"Ba na karɓar aiki sau biyu," ta ce. "Amma ke ko sau ɗaya ba ki kawo ba tukuna. Mece ce dokar farko a ajina?"

Auta ta share ido. "Kada a ajiye aiki wuri ɗaya."

"Kin bi ta?"

Auta ta zaro wayarta.

Aka rage ƙara, aka jona. Hoton ya hau bango: tsoho a bakin kekensa, kai a sunkuye, hasken taga a kan hannaye biyu masu jijiya, allura na shiga shuɗin yadi. Sai kukan keke ya taso, caka-caka-caka, ya yi gudu, ya lafa. Muryar Baba Tela ta shigo a hankali tana ba da labarin ƙarƙashin tebur. Ya ce ranar da yayansa ya bar shi ya taka keken karon farko, ƙafarsa ba ta kai ba, sai da aka sa masa bulo. Ya yi shiru. Auta ta bar shirun nan yadda yake, keken kaɗai ke magana. Sannan ya ce, "Bulon yana nan har yau."

Minti uku cif. Babu wanda ya yi tari. Baba Tela ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

Baƙon rediyo ya tambayi Malama sunan yarinyar, ya rubuta a saman takardarsa.

Darakta ya lallaɓa ya kusa kai ƙofa sai Malama ta ce, "Malam Darakta, dakata."

Ya tsaya.

"Ina neman izininka in riƙe aikin nan naka. Shekara tara ina neman misali ɗaya da ya haɗa duk abin da nake hana ɗalibai, ban samu ba sai yau. Kowace shekara da shi zan buɗe aji."

"Kowace shekara?" in ji Darakta. Ya ɗan ɗago hular. "Da sunana a jiki?"

"Da fuskarka ma. Ai ka sa."

A hanyar gida ya yi tari, tsautsayi kawai, ƙura ce ta shiga masa. Matarsa ta tsaya cak a tsakiyar titi ta ƙame kamar soja. "Na miƙe, ranka ya daɗe. Sai me?" Daga ranar har mako biyu a shago ya kwana, kusa da injin fotokwafi, wai don kada janareta ya dame shi. Ita ta faɗa masa haka, da kanta ta kai masa filo. Ƙanwarsa, uwar Auta, ta kira shi a waya ta yi minti ashirin tana magana. Ya rage ƙarar wayar har ƙasa, ya ce wa Mai Aski ai ya goge ta.

Auta ta fara zuwa gidan rediyo farkon wata. Filashinta yanzu a wuya take rataye shi, har wanka.

Ana nan sai ga saƙo daga Baba Tela: rigar ta kammala, a nannaɗe cikin takarda, a guge tsaf. Darakta ya buɗe a gaban Mai Aski don ya nuna masa cewa manya ba sa riƙo. Ɗinki ne mai kyau ƙwarai, ba a taɓa yi masa irinsa ba. Ya ɗaga ta sama.

Mai Aski ya sa yatsa. "Ɗaya. Biyu. Darakta, uku ne fa."

A jikin hannu na ukun an maƙala 'yar takarda da allura: "Darakta ne. Yana bukata."

Da wani ne, da ya ji kunya ya ɓoye ta. Amma yadin mai tsada ne, kuma rigar ta zauna masa a kafaɗa. Ya soke hannu na ukun cikin aljihu, ya kira mai fenti, aka sauke tsohon allon shago aka ɗaga sabo. Duk wanda ya bi ta layin yanzu zai gan shi a ƙarƙashinsa, da baƙin gilashi, ya juya ta hagu, yana jiran a karanta:

DARAKTA: GYARAN HOTO DA HAƊA SAUTI. ANA KOYAR DA AIKINMU A KWALEJI.

Mai Aski ya karanta sau biyu, ya nemi ƙarya a ciki ya rasa. Abin ya ba shi haushi har ya kasa cin abincin rana.